Shekaru Uku a Bakin Kofi

A 1995 ƙungiyar Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, gasar da ta fi kowace daɗewa a ƙwallon ƙafar Najeriya. Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta da ci 2-0. A 1996 ta sake kaiwa, Julius Berger ta Legas ta ci ta ɗaya mai ban haushi. A 1997 ta koma karo na uku, Eagle Cement ta Fatakwal ta yi mata irin na bara. Wasan ƙarshe uku a jere, babu kofi, babu ko ƙwallo ɗaya a raga.

Sana'ata haɗa manhajar kwamfuta ce, kuma idanuna sun saba da jadawali. Idan ka shigar da waɗannan shekaru cikin rumbun bayanai, layi uku za ka samu, kowanne da sifili a gefenmu. Na'ura ta gama hukunci: an faɗi.

Kawuna da ke Kurfi ba haka yake lissafinsa ba. Ina ƙarami a Dutsin-Ma lokacin, abin da kawai ya zauna mini shi ne manya sun yi da'ira sun sa rediyo a tsakiya, an hana yara ko tari. Shi kuwa Kawu, duk sanda na je gaishe shi maganar ta taso, sai ya gyara zama.

"Kai yaro, jihar nan shekararta nawa a lokacin?"

"Takwas, Kawu."

"To ka gani."

Gaskiyarsa. A 1987 aka cire Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ƙwallon ƙasar nan kuwa tana kan ganiyarta: Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, zinaren Olamfik a Atlanta a 1996. A cikin wannan zamani ne jaririyar jiha ta fitar da ƙungiyar da ta riƙa ture manya har ta tsaya gaban Shooting Stars, wadda a 1995 ta haɗa kofin lig da na ƙalubale. Mutumin da bai taɓa taka filin wasa ba ya ji ana kiran sunan jiharsa a rediyo, ƙasa duka tana saurare. Jadawalina ba shi da gurbin ajiye wannan.

Abin da ke damuna shi ne inda labarin yake zaune. Yana bakin mutane irin su Kawu, waɗanda furfura ta riga ta cinye musu gemu. Shiga kowane gidan kallo a Dutsin-Ma ranar Asabar, za ka tarar da yaron da zai jero maka 'yan wasan Chelsea har da na benci. Tambaye shi 1996, sai ya dube ka. Ba laifinsa ba ne. Turawa sun rubuta nasu, har yawan gudun kowane ɗan wasa, wayarsa kuma abin da aka rubuta take kawo masa.

Wanda ya ɗaga kofi yana da hoto a bango. Na biyu kuwa, in ba a rubuta shi ba, yana tafiya tare da waɗanda suka gani. Shi ya sa yanzu idan zan je Kurfi nake cika wayata da caji, in ajiye ta kan tabarma, in bar dattawa su yi ta gardama a kan wanda ya fi iya tsaron baya. Idan kana da irin wannan kawu, je ka same shi tun yana iya gyara zama.