Tsiro da Kambi: Yadda Ake Gyara Ɗan Koyo a Final Fantasy XIV

A wasan kwamfuta na Final Fantasy XIV, wanda kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ke gudanarwa ta intanet, akwai wani kogo a bakin teku da ake kira Sastasha. Shi ne wuri na farko da labarin wasan ke kai sabon ɗan wasa domin ya yi yaƙi tare da wasu mutane, bayan ya kai mataki na 15. Mutum huɗu ne ke shiga: ɗaya mai garkuwa, wanda aikinsa shi ne ya ja hankalin dodanni su fuskance shi, ɗaya mai warkarwa, sai biyu masu kai hari. Galibi ba su san juna ba, na'ura ce ta haɗa su, kuma mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba har abada.

Kuskuren da aka fi gani a wannan kogo ƙarami ne. Mai garkuwa yana da wata dabara da ya kamata ya kunna tun kafin a fara, wadda ke sa dodanni su bi shi su ƙyale sauran. Sabon shiga yakan manta, ko kuma bai taɓa sanin amfaninta ba. Sai dodanni su watse, su auka wa mai warkarwa, ya faɗi, sauran su bi shi, a koma farko. A wannan lokaci ukun da suka san abin da ya faru suna da zaɓi. Wani yakan rubuta baƙar magana, wani yakan yi shiru ya fice ya bar su, wani kuma yakan ce ba kome, an yi ƙoƙari, ba tare da ya faɗi abin da ya lalace ba. Duka ukun sun bar ɗan koyo a inda suka same shi. Na farko ya kunyata shi, na biyu ya ruɗa shi, na ukun kuma ya sallame shi da kuskuren da zai maimaita a kogo na gaba, a gaban mutanen da ƙila ba su da haƙuri irin nasa.

Masu tsara wasan sun yi tunani a kan wannan lokaci fiye da yadda ake zato, kuma suna da dalili. Wasan ya fito a 2010 bai karɓu ba, har aka rufe shi aka sake gina shi a ƙarƙashin jagorancin Naoki Yoshida, ya dawo a 2013. Wasan da ke rayuwa da kuɗin da 'yan wasa ke biya duk wata ba zai iya barin tsofaffi su kori sababbi ba. Saboda haka aka sa wa kowane sabon shiga alamar ɗan koren tsiro kusa da sunansa, yadda duk wanda ya gan shi zai san bai daɗe ba. Aka kuma shirya wani tsari da ke jefa ƙwararru cikin tsofaffin koguna kowace rana da alkawarin lada, sannan idan akwai wanda bai taɓa kammala wurin ba, ana sanar da ƙarin lada ga dukan ƙungiyar. Ta haka kasancewar ɗan koyo ta zama riba ga gwani. A ƙarshen kowane yaƙi kuma, ɗan wasa na iya ba ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa kuri'ar yabo.

Za a fi gane muhimmancin wannan idan aka dubi League of Legends, wanda kamfanin Riot Games na Amurka ya fitar a 2009. A can mutum biyar ne ke karawa da biyar, wasa ɗaya yakan kai kusan rabin sa'a, kuma kuskuren mutum guda yana ƙara wa abokan hamayya ƙarfi, ya jawo wa sauran huɗun faɗuwa a jerin matsayi. Ɗan koyo a irin wannan tsari asara ce tsantsa ga wanda aka haɗa shi da shi, don haka harshe ya yi kaifi. A 2011 kamfanin ya buɗe wata kotu ta 'yan wasa, inda suke karanta ƙorafe-ƙorafe su kaɗa kuri'ar hukunci ko yafiya, a 2012 kuma ya ƙara tsarin karrama masu kyakkyawan hali. Waɗannan matakai sun zo ne domin rage zafin da dokokin wasan da kansu suke hurawa. Abin lura a nan shi ne, yawan haƙurin da ake yi da baƙo yana da alaƙa da abin da kuskurensa ke ci wa mutane.

Sai dai sassaucin Final Fantasy XIV ya haifi tasa matsalar. Kamfanin ya haramta amfani da manhajojin waje, ciki har da masu auna yawan ɓarnar da kowane ɗan wasa ke yi wa abokan gaba, kuma yana hukunta wanda ya ci zarafin wani da irin waɗannan alƙaluma. Manufar ita ce kare masu rauni daga wulaƙanci. Amma a hankali wasu suka fara ɗaukar kowace shawara a matsayin cin fuska, har aka san wata amsa da ake yi wa mai gyara, cewa ai ba shi ke biya wa mutum kuɗin wata ba. Gwanaye da dama suka zaɓi yin shiru don gudun rigima. Sakamakon yana bayyana ne a can gaba, a yaƙe-yaƙe masu tsanani na mutum takwas, inda dodo ke hallaka kowa idan ba a gama da shi cikin ƙayyadadden lokaci ba. Wanda ya shafe watanni ana yaba masa ba a taɓa nuna masa kuskurensa ba, a nan yake jin gaskiya a karon farko, daga bakin mutum bakwai da suka gaji.

Akwai kuma tsarin masu jagora, waɗanda ake sa wa alamar kambi bayan sun tara kuri'un yabo masu yawa da gogewa a yaƙe-yaƙe, aka ba su zauren hira na musamman da sababbin shiga. A cikinsu akwai masu taimako na gaske. Amma kambin ya zama abin zolaya a tsakanin 'yan wasan, domin wasu sun neme shi ne don ado da lada, kuma iya wasa daban yake da iya koyarwa. An ga nauyin wannan a 2021, lokacin da ɗimbin 'yan wasan World of Warcraft suka kwararo, cunkoso ya yi yawa bayan fitowar Endwalker a watan Disamba har kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci. Birane suka cika da korayen tsirrai, kuma yawancin tarbar da suka samu ta fito ne daga 'yan wasa na gama-gari da aka haɗa su da su a kogo.

Abin da nagartattun cikinsu ke yi ba shi da wahalar bayani. Suna fara da tambaya, ko wannan ne karonsa na farko a nan, domin amsar ita ce ke nuna irin maganar da ta dace. Suna ambaton abu guda, wanda ya fi jawo faɗuwar, su bar sauran tara zuwa wani lokaci, saboda wanda hannunsa ke rawa ba zai riƙe jerin darussa ba. Suna faɗin sunan dabarar da inda take da abin da take yi, maimakon su ce wa mutum bai iya ba. Suna yin maganar a lokacin da aka tsaya, bayan faɗuwa ko kafin a shiga wurin babban dodo. Idan ya gyara, sai su faɗi ainihin abin da ya gyara, don yabon da ya ambaci aiki shi ma koyarwa ne. Idan kuma ya ƙi ji, sukan ƙyale shi bayan sau ɗaya, su ƙarasa abin da ya kawo su.

Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Karin maganar tana da aiki a ɓangarorin biyu: mai gyara ya tabbata kayan yake nufi, mai kayan kuma ya yarda cewa ba a zo ƙwace masa ba. Wahalar intanet ita ce babu fuska, babu murya, rubutu ne kawai na kalmomi kaɗan daga baƙo, don haka jimla guda tana iya karantuwa a matsayin taimako ko gori. Shi ya sa gaisuwar farko da ake yi a bakin kogo take da amfani, domin ita ke sa a karɓi abin da zai biyo baya da kyakkyawan zato.

A Sastasha, gyaran mai garkuwa ba ya wuce daƙiƙa goma. Wani ya rubuta masa sunan dabarar, ya danna ta, dodanni suka juyo kansa, mai warkarwa ya samu sarari. Bayan an kashe babban dodon, akwatin yabo yakan bayyana a gefen allo, kuma sau da yawa tsiron yakan ba da kuri'arsa ga wanda ya gaya masa gaskiya.