Hoton da Na Ƙi Dubawa

A gidan kallo fim ɗin yaƙi yana da ƙa'idarsa: a samu jarumi, a samu bos, a sha wuya, daga ƙarshe jarumi ya gama da kowa a tashi da tafi. A Bridge Too Far, wanda Richard Attenborough ya ba da umarni aka fitar a 1977, bai bi ko ɗaya ba. Kusan awa uku yake ci. An tara manyan 'yan wasa, su Sean Connery da Anthony Hopkins da Michael Caine da Gene Hackman da Robert Redford, amma babu wanda za ka nuna ka ce fim ɗinsa ne, kuma waɗanda kake goya wa baya su ne ke sulalewa cikin dare ana tafka ruwan sama. Na daɗe ina lissafa shi cikin finafinan da aka yi asarar kuɗi a kansu. Yanzu kuwa ina ganin a finafinan yaƙin Hitila kaɗan ne suka kama ƙafarsa. Ba karatu ne ya sauya mini ra'ayi ba, shinkafa ce.

Labarin ya faru da gaske, kuma daga littafin Cornelius Ryan na 1974 aka ɗauko shi. A watan Satumban 1944, bayan an fatattaki Jamusawa daga Faransa da Beljiyam, Montgomery na Ingila ya zo da dabarar da yake ganin za ta gama yaƙin kafin Kirsimeti. Za a zuba sojojin laima kusan 35,000 a ƙasar Holan, can bayan abokan gaba, su kame gadoji a jere: Amurkawa su riƙe na Eindhoven da Grave da Nijmegen, Ingilishi da 'yan Polan su riƙe ta ƙarshe, ta Arnhem, a kan kogin Rhine. Su kuma tankokin Janar Horrocks su biyo hanya ɗaya tak, tafiyar kilomita 100 da ɗoriya, su isa Arnhem cikin kwana biyu ko uku. Aka fara ran 17 ga wata.

Duk wanda ya tashi a fadamar kogin Haɗeja zai hango inda gizo ke saƙar tun kafin janar ya rufe baki. Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai ruwa ta ko'ina. Tsakanin Nijmegen da Arnhem hanyar a kan ciko take, ta yi tsayi, dama da hagu laka ce da ba ta ɗaukar nauyin tanka. Ta gaba ta kama da wuta, duk na baya sun tsaya. Hafsoshin Holan sun san haka sarai, sai dai ba a ba maganarsu muhimmanci ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a fim ɗin babu harbi ko ɗaya a cikinsa. Wani matashin manjo na sashen leƙen asiri ya kawo wa Janar Browning, shugaban sojojin laiman, hotunan da jirgin sama ya ɗauko. Aka kashe fitila, aka haska su a bango: ga tankokin Jamus nan a ɓoye cikin itatuwa kusa da Arnhem, inda aka ce tsofaffi da yara kawai suka rage. Browning bai yi faɗa ba. Cikin ruwan sanyi ya ce mai yiwuwa ma ba sa aiki. Ba a jima ba sai ga likita ya sami manjon, ya ce masa ya gaji, ya kamata ya je ya huta. A fim an kira shi Fuller, amma ainihin sunansa Brian Urquhart, yana da shekara 25 a lokacin, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin mataimakan Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ashe kuwa akwai rundunoni biyu na SS ta Jamus da ke hutawa a yankin ƙarƙashin Janar Bittrich. Abin da fim ɗin ya gane, wanda finafinai da yawa ba su gane ba, shi ne Browning ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Mutum ne da ya riga ya ƙwallafa rai a kan shiri, an sha shiryawa ana fasawa, ba ya son jin abin da zai sa a sake fasawa.

Na san wannan ɗakin, don na zauna a kujerar Browning.

A daminar 2022 na haɗa kuɗina da na 'yan'uwa, har da na adashen matan gidanmu, muka kama gonakin shinkafa uku a fadamar Miga. Biyu suna bakin hanya. Ta ukun, wadda ta fi biyun girma ko an haɗa su, tana ƙetaren wani rafi da ke ɓallewa daga kogi. Ni ina Kano wurin aiki, ƙanena ne a gida yana kula da komai. Da shinkafa ta nuna aka fara jin ruwa ya yi ɓarna a wajen Ringim, sai na zauna na zana tsarina a takarda. A haye da masu yanka ƙetare a kwale-kwale, su fara yanka suna tarawa. Injin casa kuma a ɗora shi a a-kori-kura, ya gama gonar farko, ya gama ta biyu, ya haye kwalbati ya zagaya ta hanyar burji, ya isa ta uku daidai lokacin da aka gama yanka. Babu inji mai zaman banza, babu lebura mai jiran wani. Ni kaina sai da tsarin ya burge ni.

Kawuna, wanda ya fara kamun kifi tun kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, ya saurare ni a waya har na dasa aya. Ya ce, "Ɗana, ruwan da ka ji a Ringim yau, namu ne jibi. Kuma kachalla ta toshe masa hanya, ba inda ka sani zai bi ba. Ka ɗauki 'yan fito su riƙa kwaso maka dami-dami, a casa a nan tudu." Na buga lissafin kuɗin fito, na ga zai ci wani abu daga riba. Na ce, "Kawu, ai yanzu zamanin inji ne." Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Bai ƙara ba.

Ana gobe injin zai tashi daga gona ta biyu, ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp. Kwalbatin ce. Ruwa ya kawo mata iya wuya, ja-jawur, ƙasar gefenta ta fara zaftarewa, har ana ganin bakin siminti a waje. Ya biyo da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka dubi hoton nan da kyau. Wallahi mota ba za ta bi ta nan ba." Na kalle shi da wutsiyar ido ina tsakiyar wani aiki. Na ce masa tsoro ya yi masa yawa, ai kullum haka kwalbatin take da damina. Da ya nace, sai na aike shi kasuwar Gujungu ya sayo buhuna, aikin da kowane yaro zai iya. Ban ce wa kaina ina kawar da shi ba ne. Cewa na yi ana bukatar buhu.

Cikin daren nan kwalbatin ta tafi. Da safe direba ya sauka daga hanya zai kewaye, motar ta nutse a laka har gindi, da injin a bayanta. Ƙetare kuwa babu sabis. Masu yanka suka ci gaba da abin da aka sa su, suna ta yanka suna tarawa, don babu mai gaya musu su dakata. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Shinkafar da ke tsaye, in ruwa bai shanye kanta ba, tana iya tsira. Wadda aka yanka aka jibge, da ta jiƙa sai tsiro. Ƙwazonsu shi ya ƙara mana asara. Kawu ne ya tara 'yan fito suka kwaso mutanen da daddare daga wani ɗan tudu da suka fake, alhamdu lillahi babu wanda ya rasa ransa.

Shinkafa ba rai ba ce, kuma ban isa in jera asarata da ta Arnhem ba. A can an sauke Ingilishi kilomita kusan 13 daga gadar da suka zo kamawa, kuma kashi-kashi cikin kwanaki saboda jirage ba su isa ba. Rediyon oba-oba ya ƙi aiki. Kanar John Frost ya isa bakin gadar ta arewa da mutum ɗari bakwai da 'yan kai, ya riƙe ta har wayewar 21 ga wata, ana rushe gidajen da suke ciki ɗaya bayan ɗaya. Anthony Hopkins ya yi wasan nan ba tare da ihu ko cika baki ba, sai gajiya da ke ƙaruwa a fuskarsa. Matuƙa jirgi suna shiga cikin wuta suna jefo abinci da harsashi a filayen da Jamusawa suka riga suka ƙwace, na ƙasa suna ɗaga musu hannu a banza. A Nijmegen, ran 20 ga wata, Amurkawa suka haye kogin Waal da rana tsaka cikin jiragen ruwa na tamfol guda 26, wasu suna tuƙi da gindin bindiga. Duk bajintar da ke cikin fim ɗin biyan bashi ce, bashin da wasu suka ci a ɗakin taro.

Mu ma muna da irin wannan a tarihinmu, ko da yake babu laima a ciki. A watan Oktoban 1967, bayan 'yan Biyafara sun karya gadar Neja, Kanar Murtala Muhammed ya dage sai rundunarsa ta biyu ta haye kai tsaye daga Asaba zuwa Onitsha a jiragen ruwa, alhali hedikwata a Legas ta so a zagaya ta arewa. Aka gwada aka sake gwadawa, aka yi asarar sojoji masu yawa. Sai da aka zagaya ta Idah sannan Onitsha ta faɗi a watan Maris na 1968, kuma a ƙarshen watan ayarin motocin rundunar ya ƙone a Abagana, a jere a kan hanya guda. Har yau ban ga wanda ya yi mana fim ɗin wannan da irin wancan rashin tsoro ba.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Montgomery, uban tafiyar, ko fuskarsa ba a nuna ba, aka bar Browning da kayan duka, abin da ya ɓata wa matar Browning, marubuciya Daphne du Maurier, rai ƙwarai. Hafsan nan mai yawo da laimar ruwa a fagen fama an kashe shi a fim, alhali mutumin da aka kwaikwaya, Digby Tatham-Warter, ya rayu har ya koma Kenya da zama. Ɓangaren James Caan da kyaftin ɗinsa mai rauni yana da daɗin kallo, amma da an cire shi babu abin da zai ragu. Yunwar da ta biyo baya a Holan, wadda ta kashe mutum kusan 20,000 a hunturun 1944 zuwa 1945, ba ta samu wuri ba.

Cikin mutum sama da 10,000 da aka sauke a Arnhem, kusan 2,400 ne aka tsallako da su a daren 25 ga wata. Montgomery ya ce an yi nasara kashi 90 cikin 100. Fim ɗin ya sa wannan magana a bakin Browning, yana faɗa wa Janar Roy Urquhart (ba manjon nan ba), wanda ya dawo da laka a jiki ya bar mafi yawan mutanensa a ƙetare. Da na sake kallon fim ɗin a waya da rani, a nan na dakatar da shi. Domin ni ma, da aka taru a zauren gidanmu, cewa na yi, "Gona biyu cikin uku mun same su lafiya, ai sai godiya." Ban ce ribar duka tana ta ukun ba. Kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa.

Ban kuma tsaya nan ba. Akwai abin da fim ɗin bai kai gare shi ba, sai da na bi tarihin na gani. Janar Sosabowski na Polan, wanda Gene Hackman ya fito a matsayinsa, tun a wurin taro ya nuna shirin bai kwanta masa ba. Bayan an sha kashi, shi aka ɗora wa laifi. Aka cire shi daga muƙaminsa a watan Disamban 1944, ya ƙare yana aiki a wata masana'anta a Landan, ya mutu a 1967. Sai a 2006 Sarauniya Beatrix ta Holan ta ba shi lambar yabo, yana kabari. A zauren nan, da wata gwaggonmu ta tambayi yadda aka yi babu wanda ya je ya tsayar da masu yanka, na buɗe baki na ce ai wanda ya kamata ya je yana can Gujungu ya shantake. Ni na aike shi. Hoton yana cikin wayata a aljihu. Ƙanena ya dube ni, ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba, don ba a yi masa tarbiyyar ƙaryata yayansa a gaban manya ba. Da wannan tarbiyyar na yi amfani na cuce shi.

Daga baya na same shi a rumfar ƙofar gida na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce." Da na gaya wa Kawu, sai ya ce, "A ina ka ɓata shi? A zaure. To, a zaure za ka wanke shi." Da aka taru da Ƙaramar Sallah na fito da wayar, na miƙa ta hannu-hannu, har matan da suka zuba adashensu suka ga kwalbatin da ranar da aka turo hoton, sannan na kunna musu muryarsa. Gwaggo ta ce ai tun ranar ta san da walakin, jira kawai take ta ga ko zan faɗa da bakina.

Kuɗin matan na biya su da kaɗan-kaɗan daga albashi. Gonar ƙetare yanzu tana hannun ƙanena, kuma tun kafin a zuba iri yake gama ciniki da 'yan fito.