Daga Minna Zuwa Busa, Inda Ruwa Ya Ci Mungo Park

Kwanana biyu a Minna, babban birnin Jihar Neja tun 1976, garin da jirgin ƙasa ya raya, gama a nan ne hanyar jirgin da aka faro daga Baro a 1907 ta gamu da wadda ta taso daga Ikko. Da asuba na shiga mota, muka bi ta Bida da Makwa, la'asar sakaliya muna Sabuwar Busa. Tsohuwar kuwa tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.

Wannan tafiya da na yi ina gyangyaɗi ita ta tuna mini da waɗanda suka zo nan da ransu a hannu. A 1806 Mungo Park ya iso Busa yana neman inda Kwara ta ƙare. Ya baro Gambiya da Turawa wajen 40, ciwo ya cinye yawancinsu tun bai sa jirgi a ruwa ba, shi kuma ruwa ya ci shi a duwatsun Busa. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka tashi daga nan cikin kwalekwale, aka kama su a hanya, aka fanshe su, suka fita teku ta ƙasar Brass.

Mai karatu ya lura, Nufawa da mutanen Yawuri sun daɗe suna su da fatauci a kogin nan kafin zuwan Bature. Abin mamaki ga su Lander shi ne, sun tsaya inda na gabansu ya halaka, suka kuma saki jirginsu ga ruwan da ba su san ƙarshensa ba.

Amma ni wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tafintansu, Abubakar Bagobiri, wanda Turawa ke kira Pasko. An sayar da shi bawa, sojan ruwa na Ingila suka ƙwato shi daga jirgin bayi. Ya raka Clapperton har Sakkwato, inda Baturen ya rasu a 1827, sa'an nan ya sake bin su Lander. Su dai in sun tsira, yabo na jiransu a Landan. Shi kuwa ya san abin da ke bakin teku sarai, don ta can aka fitar da shi a ɗaure, duk da haka ya shiga kwalekwalen.

Na tambayi masunta a bakin tafkin, ba wanda ya taɓa jin sunansa.