Daga Farin Dutse zuwa Yankari

Da sassafe muka bar Farin Dutse, muka bi ta Birnin Kudu da Ningi har Bauchi. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe, muka karkata a Dindima. Ƙofar gandun dajin Yankari tana Mainamaji, amma sai an ƙara tafiya mai nisa a cikin daji kafin a kai masaukin Wikki, inda gwaggon biri ke tarbar baƙo. Wanda ya bar gilashin mota a buɗe ya yi sallama da guzurinsa.

An keɓe dajin nan a 1956, ya zama na tarayya a 1991, aka maido wa Jihar Bauchi shi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma yana cikin wurare kaɗan da giwa ta rage a Nijeriya.

Da rani ake zuwa, lokacin da ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin kogin Gaji. Kafin mu ga giwa mun ga aikinta: rassa a ɓaɓɓalle, ɓawon itace a sassale, ga kashi tuli-tuli bai ko bushe ba. Mai gadin dajin ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Sai ga su sun ratso hanya, uwa a gaba, ɗan a maƙale tsakanin ƙafafu. Abin da ya ɗaure mini kai rashin ƙara: duk girman nan, takunsu ba ya amo.

Haure ne ya kusa ƙarar da su, duk da an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga kula da gandun tare da gwamnatin jiha, aka ƙarfafa sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya. Kisan ya ja baya ƙwarai.

Sai dai ni ɗan manoma ne, kuma dajin ba shi da shinge. Na tambayi mai gadin, "Malam, idan suka fita fa?" Ya ce da damina garke ɗaya kan share gonar masara a dare guda, shi ya sa ake ɗaukar mutanen ƙauyukan kansu su yi gadi, su kora da gwangwani da fitila. A ganina makomar giwar Yankari tana hannun waɗannan manoma fiye da hannun mu 'yan kallo, don mu mun biya kuɗin shiga mun tafi, su kuwa da hatsinsu suke biya kowace shekara.