Mai Hoton Jos Da Akwatinsa

Idan aka tambayi dattijon nan mai ɗaukar hoto ko shi mutumin ina ne, ba ya ambaton ƙabila, sai ya ce shi ɗan Jos ne, kana ya yi shiru kamar wanda ya faɗi sarautar gidansu. A Gangare aka haife shi, haƙar kuza kuwa ita ta kawo kakansa garin. Kuzar nan ta tarar da Birom da Anaguta da Afizere a kan duwatsunsu, ta jawo Hausawa da Barebari da Nufawa, sa'an nan da babban layin dogo ya iso a 1927 sai Yarbawa da Ibo da Urhobo suka yi ta kwararowa. Yaron da ya tashi a wannan wuri yakan iya gaisuwa da harshe huɗu tun bai iya ɗaura wando ba.

A shekarun 1970 mahaifinsa ya kama hannunsa ya danƙa shi ga wani Bayarabe mutumin Ogbomosho mai shagon hoto. Makwabta suka yi ta tsegumi, wai an kai ɗan malamai koyon sana'ar 'yan birni. Uban bai kula ba. Shekara guda cur yaron bai taɓa kyamara ba, sai shara da ɗibar ruwa da shanya hotuna a igiya. Daga nan aka shigar da shi ɗakin duhu, inda babu haske sai na jan ƙwai, ya ga yadda farar takarda ke kwanciya cikin ruwan magani, fuskar mutum ta riƙa fitowa sannu a hankali. Ya ce a ranar ce sana'ar ta shiga ransa.

Maigidan nasa mutum ne mai faɗa, amma ba ya ɓoye sani. Kyamararsa Yashica ce, wadda ake leƙawa ta sama, fim guda hoto 12 ne kacal, saboda haka ba a danna ta da wasa. Babban darasin da ya koya masa shi ne na baƙar fuska da farar riga. Idan ka biye wa rigar, fuska ta dushe. Idan ka biye wa fuskar, aikin babbar riga ya ɓace. "Kai yaro," in ji shi, "fuska ce ta biya kuɗi, fara da ita." Ragowar kuwa a ɗakin duhu ake gyarawa, a kāre wani sashe da tafin hannu, a ƙara wa wani haske.

Bayan an yaye shi ya buɗe nasa shagon, kuma a nan ne garin ya zama makarantarsa ta biyu. Ranar Asabar yana coci wurin ɗaurin aure, Lahadi da hantsi yana gidan suna, da Sallah kuwa yara kan yi layi har bakin titi, haka ma da Kirsimati. Ya gane cewa Bayarabiya ba ta yarda a yanke mata ƙolin ɗaurin kai, Bafulatani sai an haɗa da sandarsa, Alhaji kuma agogonsa yake so ya fito. Hoto mai kala ya zo, ya koya. Kyamarar da ba ta bukatar fim ta zo, ya yi gunaguni, ya koya. Abu guda ne bai bari ba: kowane nagatif sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta suna da shekara, ya jefa cikin akwatin ƙarfe.

To, mai karatu ya san abin da ya auka wa Jos a watan Satumba na 2001, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, da tarzomar 2008 da ta 2010. Unguwanni suka rabu bisa addini, wanda ya saba ratsa gari da kyamara a wuya ya koma lissafin titin da zai bi. Baƙi suka fara ce masa ai dama can zaman doya da manja ake yi. Wannan magana ta fi kome ƙona masa rai, domin shi ya ga abin da ya gani, kuma yana da shaida a akwati.

Wata rana da yamma sai ga wata tsohuwa Kirista ta tsallako unguwarsu, jikanta na riƙe da hannunta. An ƙone gidanta, mijinta ya rasu, ba ta da ko hotonsa guda da za ta nuna wa jikokin.

"Baba Mai Hoto, kai ka ɗauke mu ranar aurenmu. Ko Allah ya sa akwai saura?"

"Zauna, Mama. Wace shekara ce?"

Ba ta tuna ba, sai dai ta ce shekarar da aka yi Jihar Filato ce. Ya ce 1976 ke nan, lokacin yana gidan maigidansa, amma akwatin marigayin ma yana wurinsa. Kwana uku yana ɗaga nagatif yana duba shi a hasken taga kafin ya dace. Da aka wanke, ga ango da amarya a ƙofar coci, ga kuma abokin ango tsaye a dama da zanna bukar da babbar riga. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ɗora yatsa a kan mai hular, ta ce wa jikan, "Wannan shi ya biya kuɗin motar da ta kai ni."

Ta kwance bakin zane za ta biya, ya ce ta bari. Ya rako su har bakin titi, ya tsaya sai da ya ga sun shiga mota.