Bayan Amma Ba'adu

Duk lokacin da wani yaro a nan Tambuwal ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa kafin ya kai ta Sakkwato, sai in tuna da wasiƙun magabata, tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi a garin nan, waɗanda ake buɗewa da basmala da gaisuwa gwargwadon darajar wanda aka aika wa, sa'an nan a ce amma ba'adu, a faɗi buƙata a taƙaice, a rufe da sallama. Malaman wancan zamani sun san balaga, sun kuma san mai karatu yana da wasu takardun a gabansa.

Yaranmu kuwa, Allah ya yi musu albarka, sukan cika shafi da kirari da magiya, su ambaci maraici da tsadar hatsi, alhali jami'in da za a miƙa wa takardar yana son ya san gurbin da ake nema, da ilimin mai nema, da abin da hannunsa ya taɓa yi. Wani ɗan Kebbe ya kawo mini tasa, bai rubuta cewa shekara biyu yana riƙe da littafin kuɗin manoman ƙauyensu ba, wai a ganinsa wannan ba aiki ba ne. Na ce masa, "Ɗana, rage gaisuwar nan, ka sa wannan a farko." Da ya sake rubutawa, takardar ba ta wuce rabin shafi ba.