Fari ko Shuɗi?

Da damina ta wuce, na yi niyyar shafe ɗakin mahaifiyata. Uwargida ta ce a zuba bula cikin farar ƙasa, wai shuɗi ya fi sanyi a ido. Ni kuwa fari na ke so, gama ganin tsohuwa ya yi rauni.

Maimakon gardama, sai na shafa kowanne kamu guda a bango. Muka jira suka bushe, don ɗanyen shafe ya kan ruɗi ido. Da dare muka kunna fitila. Farin ya mayar da haske, shuɗin ya shanye shi.

Tsohuwa ta ce, "Malam, bisa farin na ke iya ganin kunama."

Uwargida da kanta ta miƙo mini bokitin farar ƙasa.